Kallo Na Biyu

"Ba zan karanta ba, ranka ya daɗe," na ce, na tura takardar ta koma gefensa na tebur.

Manaja bai ɗago ba. Yana tauna murfin biro, idonsa a kan waya. Shi ne shugaban gidan rediyon da nake aiki, mutum mai sanyin murya wanda ba a taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba, domin tun da wuri ya gano akwai hanyoyin da suka fi tsawa ciwo kuma ba sa kashe murya.

"Ko dubawa ba ki yi ba, Farfesa."

"Na duba. Ta ce fim ɗin ya girgiza duniya. Ni a cikin duniyar nake, ban ji motsi ba."

Farfesa ba muƙamina ba ne. Sun liƙa min shi tun ina sabuwa, ranar da na gyara wa mai karanta labarai kuskure a gaban mutane. Zagi aka nufa. Na karɓa na rataya kamar sarƙa, domin digirina ba a bola na tsince shi ba.

Takardar daga gidan sinima ta zo, wanda ke ɗaukar nauyin shirinmu na sharhin finafinai. Ni na kawo shawarar shirin, ni na yi masa suna, ni na zaɓi kiɗan buɗewa, na raine shi tun ba mai kiran waya sai wanda ya yi kuskuren lamba. Duk sanda sinima suka kawo fim mai tsada, sukan haɗo shi da shafi guda na yabo, a bar mana wurin numfashi kawai. A da nakan zagaye shafin, in faɗi nawa, in ba da tauraro uku ko huɗu, kowa ya kwana lafiya. Wannan karon an ja layi da jan biro a ƙarƙashin lambar: biyar.

"To, bar takardar," in ji Manaja, ya ajiye wayar a ƙarshe. "Ke mai ilimi ce, faɗi abin da kika ga dama da bakinki. Abu ɗaya nake nema: idan kin gama, taurari biyar."

"In ce bai yi ba, sannan in ba shi biyar?"

"Ai shi ne adalci. Kin faɗi naki, sun sami nasu. Wanda ya ci ladan kuturu, Farfesa…"

"Ban ci ba."

"Fitilar da ke kanki a ɗakin watsa shiri fa? Iska ce ke kunna ta?"

Na fito. A baranda na tarar da Zuma, abokin gabatarwata, yana jingine da bango yana shan shayi. Muryarsa ce ta jawo masa sunan. Ko sanarwar ɗauke wuta ya karanta sai mutum ya ji kamar albishir ne. Ya ji komai, domin ƙofar Manaja ba ta rufuwa da kyau, kuma ba wanda ke so a gyara ta.

"Ke dai kina son wahala," ya ce. "Tauraro ne fa. Sama cike take da su, ba daga aljihunki za a cire ba."

"Ka kalli fim ɗin?"

"Ina gefenki."

"Ka kalla, na ce."

"Na kalli farkon da ƙarshen. Tsakiyar na bar wa Allah." Ya kurɓi shayi. "Tsuntsun da ya ja ruwa dai, kin san sauran."

Da wani fim ne daban, wataƙila da na bi ta gefe. Amma wannan daga gem, wato wasan bidiyo, aka ciro shi, kuma gem ɗin na san shi kamar yunwar cikina. A ɗakin Yayana na koye shi, a gaban tsohuwar talabijin da sai an mari gefenta take nuna kala. Birni ne da ruwa ya cinye. Kai mai wasa, a matsayin ma'aikaciyar jinya kake, aikinka ka fitar da wani tsoho makaho daga asibitin da ya nutse, ka kai shi gadar da ke bakin gari. Tsohon yana dafe da kafaɗarka. Ka yi gudu, ya faɗi. Harsasanka ba su cika tafin hannu ba, kuma duk wanda ka harba, ƙararsa kiran 'yan bindigar da suka mamaye benaye take yi. Gwanayen gaske su ne masu isa gada ba tare da sun harba ko ɗaya ba. Ni na isa. Yaya bai taɓa isa ba, har yau yana cewa hannun gem ɗinsa, abin dannawar, shi ne ya lalace.

Ranar shiri muka shiga ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso, muka sa abin sauraro a kunne. Injiniya yana bayan gilashi, ya ɗaga yatsa, jar fitila ta kama. Zuma ya fara.

"Jama'a, wuta! Harbi! Ruwa! Ni dai kujerata sai da ta yi rawa."

"Kujerar dama ƙafarta ɗaya gajera ce," na ce. "Na zauna a kanta a wani fim ɗin soyayya, haka ta yi."

Ya yi dariyar da ake biyansa don ya yi, ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata na matso da makirufo.

Na fara da taya masu fim ɗin murna. Na ce sun duba labarin wata mace da ke jan makaho a cikin ruwa, suka gano nan take abin da ya rasa: ƙato. Suka nemo wani mai wuya kamar turmi, suka cire masa riga don kada ta jiƙe. Ma'aikaciyar jinyar ma ba a manta da ita ba, an ba ta aiki har biyu, ta yi ihu, kuma a sace ta. A birnin da ruwa ya kai wa mutane wuya, gashinta bai jiƙe ba ko sau ɗaya, kuma ina roƙon duk wadda ta san mai yi mata gyaran kai ta kira mu. Tsohon kuwa, wanda don shi aka yi tafiyar gaba ɗaya, an kashe shi tun masu kallo ba su gama neman kujerunsu ba, don ƙaton ya sami dalilin ɓata rai.

"Amma bindigar fa?" in ji Zuma, yana neman ceto. "Ki faɗi gaskiya, bindigar ta burge."

"Ta burge ƙwarai. Da rijiya ce, da unguwarmu ta huta da sayen ruwa. Tun daga farko har ƙarshe ba ta ƙafe ba."

Na ce kada a zarge su da mantawa da gem ɗin, domin sun kwaso kayansa kaf. Ga akwatunan katako da ake fasawa a sami magani. Ga ƙofar ƙarfe mai neman makullai uku. A gem, neman makullan nan shi ne wurin da tafin hannu ke yin gumi, domin dole ka zaunar da tsohon shi kaɗai a duhu ka tafi, kana jin yana kiranka a hankali, kana jin takun wasu da ba kai ba. A fim, ƙaton ya zagaya benaye ya tattaro makullan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke jiransa, ba abin da zai rasa, ya iso ƙofar, ya sa mata bam.

Injiniya ya rufe bakinsa da hannu. A bayansa na hango Manaja ya shigo ya tsaya, hannuwa a aljihu. Na ci gaba, domin na riga na shiga ruwa.

Na ce a gem, idan tsohon ya faɗi, babban yatsanka ne ya yi laifi, kuma ka san haka. Shi ne dukkan daɗin, shi ne dukkan tsoron. Fim ba zai iya ba ka wannan ba, na yarda, amma zai iya ba ka wani mutum da za ka ji tsoro dominsa. Wannan bai ba da ko ɗaya ba. Na ba su labarin ina ƙarama, idan na ishi Yayana da kuka, yakan miƙo min hannun gem na biyu, wanda ba a jona wayarsa da komai ba. In zauna ina dannawa da dukkan ƙarfina, ina ihu na ci, alhali shi ke yi. Na ce abin da aka miƙa wa masu kallo ke nan, sai dai Yayana bai taɓa karɓar kuɗin tikiti ba.

"To, Farfesa," in ji Zuma, muryarsa ta ɗan tsinke, "ni dai biyar na bayar, da zuciya ɗaya. Ke fa?"

"Ɗaya. Saboda ruwan. Ya yi ƙoƙari, ya fito a ruwa sak."

Wayoyi suka kama. Wani ya ce hassada ce ke damuna, in ina da zuciya in yi nawa fim ɗin. Wata ta ce ita ma tana neman mai gyaran kan nan. Wani dattijo ya ce bai san mene ne gem ba, amma yana so ya san dalilin kashe tsoho. Sauran duk tambaya ɗaya suke yi: yaushe ake nunawa? Da jar fitila ta mutu, na waiga, Manaja ba ya nan.

A gidan rediyonmu ba a korar mutum. Kora tana jawo surutu. Ƙarin girma ake yi.

Aka tara ma'aikata a ɗakin taro, aka raba lemon kwalba. Manaja ya yi jawabi a kan hazaƙata, ya ce gida irin namu ba zai bar ilimi kamar wannan yana lalacewa a gaban makirufo ba. Ya sanar da cewa daga ranar ni ce Shugabar Sashen Adana Tarihi. Aka tafa. Mai karanta labarai ya fi kowa tafi, har sai da aka taɓa shi.

Sashen ɗaki ne a ƙarshen baranda, bayan banɗaki, ba taga. Kantoci har rufi, cike da tsofaffin kasakasai da ƙura ta yi wa riga. Akwai tebur, kujera, na'urar sauraro, da fanka mai juya kai kamar tana cewa a'a. Ma'aikatan sashen, idan aka haɗa da shugaba, mutum ɗaya ne. Aikin shi ne in saurari kowane kaset, in rubuta abin da ke ciki a jikinsa, in mayar. Ba wanda ya ce yana bukata, ba wanda ya ce yaushe.

Na sayi tsumma da sabulu da kuɗina. Na goge kantocin nan ɗaya bayan ɗaya. Kullum nakan zo a kan lokaci, cikin guga, in wuce ta gaban ofishin Manaja in gaishe shi da murya mai daɗi, in tafi masarautata. Idan jira suke su ga na zo da kumburarren ido, to sai su nemi kujera.

A gida, Mama ta yi murna da farko. Ta kira ƙanwarta a waya ta ce 'yarta ta zama shugaba. Da ranar shiri ta zagayo, ta zauna da rediyonta a cinya kamar yadda ta saba, ta ji Zuma shi kaɗai yana yi wa kansa tambaya yana amsawa.

"Shugabar ba ta magana ne?" ta tambaye ni da na dawo.

"Shugabanni ba sa magana, Mama. Sa hannu suke yi."

Yaya, wanda ya zo gaishe ta, ya fashe da dariya daga kan kujera. "Ki bar ta, Mama. A kan makahon cikin talabijin ta yi faɗa da masu gida. Kuma ta tona min asiri a gaban duniya. Abokaina yanzu ba sa kirana sai mai hannun ƙarya."

"Ƙarya na yi maka?"

"Ban ce ba. Amma ke kika fi jin daɗin hannun nan. Har rawa kike yi."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta sa ya faɗa mata komai dalla-dalla, tana kallona. Da ya gama ta ce, "Auta, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Wannan wadan ba durƙuso yake so ba, Mama. So yake in tashi in shaida wa jama'a cewa dogo ne."

"To ki faɗa mana! Wa zai auna?"

Ta kashe rediyon, ta naɗe eriyar a hankali, ta ce Allah ya shirya, ba ta ce wa ba.

Zuma ne ya kawo min saƙon hanyar komawa. Ya shigo sashen yana toshe hanci, ya zauna a gefen tebur, ya ce Manaja ya amince a yi min kallo na biyu.

Kowa a gidan ya san kallo na biyu. Idan mai sharhi ya ɓata wa sinima rai, ba a ce masa ya ba da haƙuri. Ba da haƙuri na nufin an yi laifi, kuma mu ba ma laifi. Sai a shirya masa ya sake kallon fim ɗin, shi kaɗai, a matsayin baƙon mai sinima. A shiri na gaba ya buɗe da cewa, "Jama'a, na sake kallo, kuma na ga abin da ban gani ba." Sannan taurarin su cika. A wajen goge-gogena na riga na ci karo da kasakasan irin wannan, kusan rabin kanta, muryoyi daban-daban, magana ɗaya. Har da ta Manaja yana saurayi, siririya, tana rawa.

"Ni ma na yi," in ji Zuma. "Ba ciwo. Kamar allura ce, ki kau da kai kawai."

"Sinimar ta yi asara ne?"

"Asara? Cika take har baranda. Mata na zuwa rukuni-rukuni kallon gashin nan. Talla kika yi musu wadda ba su taɓa samu ba."

"To me kuma suke so?"

"Akwai wuri a jikin allon talla da aka bari don taurarinmu. Har yanzu fari ne. Mai sinima ya ce duk sanda ya wuce sai ya ji kamar an cire masa haƙorin gaba."

Na ce zan je. Zuma ya ɗaga hannu sama ya yi godiya ga Allah. Ban gaya masa cewa ni kallon zan yi da gaske ba.

Mai sinima ya tarbe ni da kansa a bakin ƙofa da rana tsaka, dattijo mai fara'a da zobba. Ya kira ni 'yata. Ya sa aka kawo gugguru a kwali mai girman bokiti, ya kai ni tsakiyar zauren da ba kowa, ya zauna a gefena.

"Na ji shirin naki," ya ce. "Na yi dariya har hawaye. Kina da baki, 'yata. Irinku muke so."

"Kai fim ɗin ya burge ka, Baba?"

"Ni? Ni ba na kallon fim, sayar da shi nake. Mai sayar da katifa kwana yake a kan kowace?"

Aka kashe fitilu. Kafin a kashe tsohon, mai sinima ya yi barci.

Na zauna na kalla, ba don shi ba. Na ce wa kaina, idan akwai abin da na tsallake saboda haushi, to in gani. Bindigar ba ta ƙafe ba. Gashin bai jiƙe ba. Makullan suna nan, bam ɗin yana nan. Har na fara ƙirga fitilun gaggawa na bakin ƙofa, sai ga wani abu.

Wurin da ƙaton ke farfasa akwatuna ne, shi ya cika allo, kiɗa na dukan ƙirji. Can a baya, a lungu, inda hoton bai fito sosai ba, ma'aikaciyar jinyar tana durƙushe, hannuwanta a ɗaure. Kusa da ita wani ɗan bindiga ne da ƙaton ya harbe ya wuce. Tana naɗe masa hannu da bandeji, tana jan bakin da haƙori, tana danne raunin da gwiwa, a natse, kamar wadda ta je asibiti ta koya. Ba ta ihu. Ba wanda ya waiwaye ta, har mai ɗaukar hoton. Ban sani ba ko an sa ta ne, ko ita ta ga an bar ta ba aiki ta nemi abin yi. Kafin in gyara zama an wuce wurin. Amma na gane ta. Ita ce matar da na yi shekaru ina tafiya a cikin takalminta.

Na fito rana ta kashe min ido, raina a jagule. Na zo in tabbatar ba komai, ga shi an sami wani abu.

Na wuce ofishin Manaja kai tsaye.

"Na sake kallo," na ce, "kuma na ga abin da ban gani ba."

Ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ranar. "Kin gani? Na ce ilimi ba ya ƙarya. Haka za ki faɗa, kada ki canja ko wasali."

Na ba shi labarin lungun, da bandejin, da haƙorin. Na ce zan faɗa wa masu sauraro cewa na yi wa matar nan rashin adalci, cewa a cikin wannan hayaniya akwai mutum ɗaya da ta san labarin da aka zo bayarwa, kuma aka ajiye ta a inda ba a gani. Yana ta gyaɗa kai.

"Madalla. Sai biyar."

"Ɗaya da rabi."

Ya zauna. "Rabi?"

"Ɗaya na ruwa, rabi nata. Da an haska ta sosai, da ta sami cikakke."

"Farfesa, maganar nan ba ta tafiya ita kaɗai. Biyar ke bin ta, tun kafin a haife ki." Ya shafa fuska. "To, huɗu. Saboda ke ce. Zan san abin da zan gaya masa."

"Ɗaya da rabi."

"Uku da rabi, in ce na'ura ce ta sami matsala."

"Albarka, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallona, ba fushi a fuskarsa, sai irin kallon da likita ke yi wa wanda ya ƙi shan magani. Ya ce, "Kin san fim ba ya dawwama a sinima. Yau ana neman bakinki. Ranar da aka sauke allon nan, ko goma kika kawo ba mai saye."

"Na sani."

"Sashen yana lafiya? Fankar na aiki?"

"Tana aiki."

"To, Allah ya taya riƙo."

Gaskiya ya faɗa. Aka sauke allon, aka ɗora wani, farin wurin ya tafi da shi. Ba wanda ya ƙara zuwa da saƙo. Kujerata aka ba wata yarinya daga sashen talla, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, muryarta tana da daɗi, tana karanta shafin yabo kamar yanzu ya faɗo mata a rai. Kiɗan buɗewa nawa ne har yanzu. Yana ratso bango ya same ni a cikin kasakasai. Zuma yakan leƙo lokaci-lokaci da shayi, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai dubiya. Shi ya gaya min za a yi wa fim ɗin kashi na biyu, kuma an ce wannan karon ƙaton bindiga biyu zai riƙe.

Na gama kantocin bango ɗaya, na shiga na biyu. Rubutuna a jikin kasakasan nan ya fi na kowa kyau a tarihin gidan, kuma ni kaɗai na sani.

Kwanan baya na shiga kantin magani, na tambayi abin tari, saboda ƙurar. Matar da ke bayan kanta ta tsaya da kwalba a hannu.

"Sake magana," ta ce. "Muryarki kamar ta wata da take rediyo a da. Mai baƙar magana ɗin nan. Ina son ta. Aure ta yi ne, ko rasuwa?"

"Ƙarin girma ta samu," na ce.

"Ayya, madalla," ta ce, ta miƙo min kwalbar.

Ba wanda ya fasa kallon fim ɗin saboda ni. Matar da ke lungu ba za ta taɓa jin an gan ta ba, domin rabin tauraron nata bai fita daga ofishin Manaja ba. Na hana taurari uku da rabi da ban yarda an ci ba, kuma har yau ban yarda ba. Abin da na bayar a madadinsu shi ne shirin da na gina da hannuna, da muryata a iska, da aikin da na yi karatu dominsa, kuma ba ɗaya daga ciki da zai dawo.